Miyar Ganye Mai Harbi da Ta Tayar da Abbanki

Abu Hamour, Doha

ʼYata Walida,

Assalamu alaikum, ʼyar albarka. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah Ya tsare min ke a tafiyar gobe, Ya sauke ki lafiya a ƙasar da ban taɓa takawa ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga ƙofar jirgi. Kina ɗakinki kina kokawa da akwati, ni ina kicin, bango ɗaya ne tsakaninmu, amma na zaɓi in rubuta. Kin san halina. In na buɗe baki zan yi miki nasiha, ko dai kuka ya riga ni, ko ki ce, "Umma, ai kin faɗa min wannan," ki koma kan wayarki. Takarda kuwa ba za ki katse ta ba, kuma ina so ki karanta ta kafin mu fita filin jirgi.

Maganar ciyawa zan yi miki, kada ki yi dariya. Dakta Binta, likitar Abbanki, da ta ji Birtaniya za ki karatu, sai ta ce min a can ganyen nan mai harbi ko'ina fitowa yake, a gindin katanga, a bayan makaranta, masu gida suna sare shi suna tsaki. Da na ji haka sai da na zauna. Abin da na nema ido rufe a garin nan, shi ne za ki riƙa tsallakewa a hanyar aji. Kin ji labarinsa a gutsuttsure ta waya, lokacin kina Gombe wajen Goggo Hauwa kina ƙarasa sakandare, annoba ta hana ki zuwa hutu. Yau ga shi cikakke, har da shirmen da na tafka a ciki, tunda shirmen uwa ma abin gado ne in ba a gargaɗi ʼya ba.

A ƙarshen sanyi na shekara ta biyu ta annoba aka sallamo Abbanki daga asibiti. Mutumin da ya saba hawa tsanin ƙarfe a masana'antar gas da hular kwano a kansa, shi ne ya dawo min wandonsa na zamewa, kofin shayi sai ya tallafe shi da hannu biyu. Korona ta sake shi, amma ta tafi da ɗanɗanon bakinsa, ta kuma juya masa hanci. Albasa in ana soya ta, wari yake ji. Nama wari, mai wari, har man goge baki. Ni da ake kirana daga unguwar Najma har garin Wakra in an tashi girkin suna, na wayi gari duk abin da na ɗora a wuta sai mijina ya toshe hanci ya juya wa bango fuska.

Dakta Binta Bakanuwa ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Ranar da na kai shi awo ta kira ni a waya ina zaune a mota, don ba a barin ɗan rakiya ya shiga. Ta ce, "Maman Walida, ba zan ɓoye miki ba. Nauyinsa sai raguwa yake. In ya dawo awo na gaba ya sake sauka, gado za mu ba shi, mu sa masa robar abinci ta hanci. Khalas, shi ke nan, ba ni da wata dabara."

A lokacin wanda aka ba gado ba ya ganin nasa. Babu ziyara, babu kai abinci, sai dai waya in yana da ƙarfin riƙe ta. Abbanki ya riga ya ɗanɗana wannan zaman, ya ga an ja labule a gadon kusa da shi, an fita da mutum a rufe. Ya shigo mota muka kama hanya. Sai da muka kusa gida ya ce, "Hajiya, in suka mayar da ni ɗakin nan, ba na jin zan fito." Bai taɓa yi min irin wannan maganar ba tun aurenmu. Na ji tsoro, Walida, tsoron da ban taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwarki.

Na shiga kicin da ƙarfina. Farfesu, dambu, faten dankali, kunun gyaɗa, babu wanda ban gwada ba. Abin tauna yana gajiyar da shi, ya ce shinkafa kamar yashi take a bakinsa. Abu ɗaya ya roƙa, shi ma a hankali kamar mai jin kunya: "Da za a samu tuwo miyar kuka." Na gane abin da yake nufi. Tuwo ba ya neman haƙori, ba ya neman harshe, a tsoma a miya mai santsi a haɗiye, shi ke nan. To amma kuka ta ƙare. Kin san yadda muke rayuwa a nan, duk mai tahowa daga gida sai an cusa masa ƙullin kuka da daddawa da yaji a jaka, ko ya so ko bai so ba. Matafiya sun ɗauke ƙafa, wanda ya shigo ma sai ya yi zaman killacewa a otal. Na buga wa duk gidan Bahaushen da na sani a Doha, kowa kankare gindin gwangwani yake. Kuɓewa kuwa Abbanki bai taɓa cin ta ba tun yana makarantar kwana. Na sayo mulukiyar Larabawa, wato lalonmu, yauƙinta ya yi masa yawa, ya shaƙe shi, ya yi ta tari har na yi da na sani.

Ana cikin haka Maya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Kin san ta yanzu kamar ʼyar gida, amma a lokacin maƙwabciya ce kawai ʼyar Nepal da ke ƙofar da ke kallon tamu, tana aikin raka yara a motar makaranta, mijinta yana ɗaukar kaya a filin jirgi. Gaisuwa ce kaɗai ta haɗa mu. Ashe tana jin tarin Abbanki ta bango, tana kuma ganina kullum ina fita da abinci zuwa kwandon shara. Ta tsaya nesa da takunkumi a fuska, ta miƙo min wata ʼyar kwalba cike da koren gari. Da guntun Larabcinta da guntun Turancina muka fahimci juna. Ta ce, "Didi," wato yaya a yarensu, "wannan sisnu ne. Mahaifiyata ce ta shanya shi da hannunta. A garinmu wanda ya tashi daga ciwo shi ake ba shi. Ki dafa wa Baba."

Na karɓa, na yi godiya baki har kunne, na ɗora kwalbar a kan firij, na bar ta nan. A raina cewa na yi, ni ʼyar Gombe, jikar mai tuwon kasuwa, mutanen da safe da yamma ba su da abinci sai wake da shinkafa ne za su koya min miya? Ga kuma ɗar-ɗar na abin da ban san asalinsa ba. Kwanaki suka yi ta wucewa, Abbanki yana ƙara zurmawa, abin da zai ci yana kan firij yana shan ƙura. Don haka, ʼyata, a can za ki zauna da mutane iri-iri, ɗakin girki ɗaya. Kada ki raina tukunyar maƙwabciya. Ki tambayi abin da ke ciki, wannan haƙƙinki ne na Musulma, babu kunya a ciki. In halal ne ki ɗanɗana. Yatsine fuska tun kafin a buɗe murfi ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne kawai, ni na san shi don na yi shi.

Abin da ya karya ni, wata rana da hantsi na fito zubar da shara, na tarar ƙofarta a buɗe saboda hayaƙin girki. Na leƙa. Maya na durƙushe, ta danne tukunya, tana juya wani abu da muciya, kafaɗarta na rawa. Tuwo take tuƙawa, Walida. Tuwon masara sak, har da ƙamshin ƙanzonsa. Su dindo suke ce masa. A gefe ga wata koriyar miya mai kauri tana ɓararraka. Ta gutsuro, ta murza da yatsu, ta tsoma, ta haɗiye ba tauna, kamar a gidan Goggo Hauwa ta girma. Na ajiye ledar shara a bakin ƙofa na ce ta ɗan sam min. Miyar tana tsakanin kuka da alayyahu, santsinta daidai, ba ya ja kamar na lalo. Na ce mata, "Wannan shi ne abin kwalbar?" Ta ce, "Shi ne, Didi. Ba ki dafa ba?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Na koma gida da gudu, na ce yau za a ga aiki. Sai dai hannuna hannun Bahaushiya ne, kuma a wajenmu miya ba daddawa ruwan zafi ce. Ina da ʼyar ragowa a firiza da nake ta tattali. Na daka ta, na yanka albasa, na sa busasshen kifi da man shanu da ʼyar kanwa, na kaɗa garin da maburgi. Ni dai ƙamshin ya kai ni har tsakar gidanmu. Na ɗauki tire ina taƙama. Ban kai ƙofar ɗaki ba na ji Abbanki yana kakarin amai. Ya ɗago hannu yana cewa, "Don Allah fita da shi, Hajiya, fita da shi." Rabin kwalbar ya tafi a banza. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata, ina jin haushin miyar, ina jin haushin kaina, har shi ma sai da na ji haushinsa, Allah Ya yafe min.

Maya ce ta zo ta tarar da ni a haka. Ta shinshina tukunyar, ta ja da baya. Ta ce, "Didi, na marar lafiya ruwa ne da gishiri da ɗan garin masara don kauri. Khalas." Na ce, "Ba albasa?" Ta ce babu. Na ce, "Ko ɗan mai?" Ta girgiza kai. Na ce to ai wannan ba miya ba ce. Ta ce, "Ke za ki sha ko Baba?" Don na san hannuna zai iya cin amanata, na naɗe ragowar daddawar na ce ta ajiye min a firij ɗinta. Washegari ta dawo min da ita a cikin leda kan leda, ta ce mijinta ya rantse wani abu ya mutu a gidansu.

Ki riƙe wannan da kyau. In za ki yi wa mutum alheri, ki yi masa irin wanda zai iya haɗiyewa. Ni miyar suna na dafa, irin wadda in mata suka ci za su ce Maman Walida ta iya, alhali mai cin ba ya buƙatar gwanintata. Za ki yi ƙawaye, wata rana ki yi miji da ʼyaʼya da yardar Allah. Duk wanda ya shiga wani hali a cikinsu, ki fara tambayarsa abin da zai iya ɗauka kafin ki ɗora masa abin da kika iya.

A ranar da na ɓata miyar, da azahar na sake ɗora tukunya. Ruwa, gishiri, ɗan garin masara, sai koren garin nan, ina kaɗawa ina jin kamar ina aikata laifi. Na tuƙa tuwo mai laushi, na bar shi ya huce don kada tururi ya tayar masa da zuciya. Na shiga na zauna a bakin gado. Ya kalli kwanon ya kalle ni. Ya kawo hanci kusa a tsorace, ya jira warin, warin bai zo ba. Ya gutsuri ʼyar loma kamar ta yaro, ya tsoma, ya kai baki. Ina kallon maƙogwaronsa har ta wuce. Ya ce, "Ban ji ɗanɗanon komai ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ta wuce lafiya." Ya sake gutsura. Ya ci kusan rabin malmala a zaman nan, ni kuwa na kafa ido a kan labule don kada ya ga hawayena ya tsargu ya daina. Da la'asar shi da kansa ya kira ni ya ce, "Akwai sauran abin nan?"

Sai ga wata sabuwa, kwalbar ta kusa ƙarewa, ranar awo kuwa da saura. Maya ba ta da wani, jirgin da zai kawo daga garinsu babu. Mijinta ne ya tuna da wani ɗan ƙauyensu da ke aiki a wata gona can arewacin ƙasar nan. Ashe da sanyi ganyen yana fitowa da kansa a tsakanin kunyoyin kayan lambu, inda ruwa ke zama, ma'aikata suna tuge shi suna zubarwa. Aka yi masa waya. Da motar gonar ta kawo kaya kasuwar ʼyan gwari ta nan Abu Hamour, sai ga kwali guda an ajiye mana, shaƙe da ɗanyen ganye, ko sisi bai karɓa ba.

Na shimfiɗa tabarma a kicin, na zauna na miƙe ƙafa, na jawo kwalin. Ganye ne mai kyan gani, bakinsa kamar haƙoran zarto. Na kama reshe na ja shi ta cikin tafin hannu, yadda muke zage zogale tun muna yara. Walida, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Kamar na damƙi gidan rina. Tafin hannuna da tsakanin yatsuna suka ɗau raɗaɗi, ƙuraje suka taso ɓur-ɓur har wuyan hannu. Ina yarfe hannu ina salati, Maya ta shigo, ta ga abin da na yi, ta dafa bango tana dariya har takunkuminta ya zame. Ta ce a garinsu da abin kama garwashi ake tsinkarsa. Ta ce uwa in yaro ya ishe ta, reshe ɗaya take tsomawa a ruwa ta nuna masa, sai ya nutsu. Tsofaffinsu kuma da gangan suke kaɗa shi a gwiwar da ke ciwo, wai zafin harbin yana kore na ciki. Ni dai ban gwada wannan ba, wanda na sha ya ishe ni. Abbanki da ya ji hayaniya ya dafo bango ya leƙo, ya ga matarsa tana rawa ba kiɗa, ya yi dariyarsa ta farko tun da ya kwanta. Wannan dariyar ta biya ni kumburin hannun.

To ga yadda ake yi, ki karanta da kyau tunda ke ma hannun zogale gare ki. Ki sa safar hannu mai kauri, irin ta wanke-wanke, da riga mai dogon hannu. Ki yanki saman reshe kawai da almakashi, inda ganyen yake sabo, tun bai yi fure ba, don in ya tsufa yana kaushi. Kada ki tsinka a bakin titi ko inda karnuka ke bi ko inda ake feshin magani, kuma karon farko ki tafi da wanda ya san shi, kada ki kwaso wani abin daban. Ki wanke, ki tsoma a tafasasshen ruwa ya ɗan yi laushi. Da ya ji wuta harbin ya mutu, za ki iya matse shi da hannu kamar rama. Daga nan ki markaɗa ki yi miya, ko ki yanka ki yi kwaɗo da ƙuli. In ya yi yawa ki shanya a inuwa ki daka, ya zama kukarki. In kuma ya harbe ki, kada ki sosa, ki wanke da ruwan sanyi da sabulu ki yi haƙuri, zai sake ki. Abin da ba ki sani ba, ko ganye ne ko mutum, ki fara tambaya kafin ki kai hannu.

Da na ga Abbanki yana ci safe da rana da yamma, sai kaina ya fara girma. Na zama malamar ganye. Wata ʼyar Siriya mai sayar da kayan ƙamshi ta ce min su ƙurres suke kiransa, suna shan ruwansa don wanke mara, suna ɗauraye gashi da shi. Wata nas ʼyar Kenya ta ce su da dankali da masara suke kirɓa shi, ana ba mai jego don ƙarin jini. Na tattara duk wannan na ce to bari in dafa masa shi da kauri ya riƙa sha kamar shayi, a gama da ciwon gaba ɗaya. Allah Ya taimake ni na kira Dakta Binta don in yi mata burga. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Maman Walida, kin manta yana shan maganin tsinka jini da na hawan jini? Ganyen nan yana iya karo da su. Miya abinci ce, ki ci gaba, kuma ya riƙa cin kusan daidai kullum, in kin canja ki sanar da ni. Amma tafasasshen ruwan nan mai kauri, ki zubar da shi yanzu ina kan layi." Na zubar tana ji.

Don haka kada ki je can ki ce Ummanki ta ce ciyawa na maganin korona. Ban faɗa ba. Allah ne Ya ba shi lafiya, likitoci suka yi aikinsu, ganyen kuwa ya buɗe masa hanyar abinci a lokacin da duk sauran hanyoyi suka toshe, kuma ganye ne mai gina jiki kamar zogalenmu. Wannan kaɗai ya isa a girmama shi. Duk ranar da kike shan wani magani, ko ranar da Allah Ya ba ki juna biyu, kada ki sha ruwan wani ganye sai kin gaya wa likita, kuma ki faɗa mata gaskiya ko da za ta yi miki faɗa. Mu mutanenmu mun iya ɓoye wa likita abin da muka sha a gida, sai abu ya lalace a ce asibiti ne ba su iya ba.

Ranar awo ta zo. Na sa masa kaftaninsa mai ruwan toka, na kai shi, na zauna a mota ina jan carbi. A but ɗin mota akwai ʼyar jaka da na haɗa masa a ɓoye, da kayan sawa da cajar waya, ko da za su riƙe shi. Duk wanda ƙofar gilashin asibitin ta buɗe wa sai na ɗaga kai. Can sai ga shi, yana tafiya a hankali, fuska a murtuke. Ya buɗe ƙofa ya zauna ya ja bel, bai kalle ni ba. Na ce, "Abban Walida, me suka ce?" Ya gyara hula. Na ce, "Don girman Allah ka yi magana." Sai na ga gefen idonsa ya motsa a saman takunkumi. Ya ce, "Sikeli ya hau. An ce in tafi gida in ci gaba da abin da nake ci. Yalla, Hajiya, ja mota, yunwa nake ji."

Na kifa kaina a kan sitiyari har hon ya yi ƙara, mai gadi ya juyo yana kallonmu, ko a jikina. Na yi hamdala da ƙarfi. Mun ci, Walida. Ni da Maya da wani bawan Allah mai tuge ciyawa da ban taɓa ganin fuskarsa ba, mun ƙwato Abbanki daga ɗakin nan. Da muka iso na buga ƙofar Maya da hannu biyu, ta fito da kumfar wanki a hannu, muka rungume juna muka manta da dokar tazara. Jakar kuwa na shigo da ita da yamma na zazzage kayan a cikin kabad, har yau bai san na haɗa ta ba, kada ki gaya masa.

Hancinsa bai dawo da wuri ba, sai da zafi ya zo ya wuce. Wata rana yana cin tuwonsa sai ya tsaya, ya juya miyar da yatsa, ya ce, "Wai ni Hajiya, daddawa ta ƙare a duniya ne? Wannan miya salam haka?" Ki ji min mutum. Na ce masa ai sai ya tashi ya dafa da kansa. Na shiga kicin na daka daddawa har maƙwabta suka san an samu lafiya a gidanmu.

Sauran kin gani da idonki, tunda kin dawo kafin gasar kofin duniya. Kin tuna ranar da muka je kallon wasan Senegal, tunda namu ʼyan wasan sun zauna a gida sun bar mu da aron tuta? Kujerunmu suna can ƙololuwa. Ma'aikaciyar filin ta ga furfurarsa ta nuna masa lif, ya ce a'a. Ya kama matakala yana hawa, ke kina baya kina haki kina cewa, "Abba, ka jira mu mana." Da muka kai sama ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya kalli filin nan cike da mutane fuska a buɗe, kowa na ihu a kunnen ɗan'uwansa, ya ja numfashi har ƙasan ciki. Kin ga ina share ido kika ce, "Umma, ko fara wasan ba a yi ba." Ni nawa wasan a matakalar nan aka buga shi, kuma an tashi mun yi nasara.

Ban sa miki garin ganyen a akwati ba, can ya fi yawa. Abin da nake roƙonki ki ci abinci. Na san ki, in karatu ya yi zafi sai ki wuni a kan biskit da shayi. Duk ranar da kewa ta kama ki, kika ji komai ya fita a ranki, ki tashi ki tuƙa tuwo ko da na semo ne, ki ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon taki ki ce a zo a ci. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko rana ta ƙi fitowa. Ki kira Abbanki ko ba ki da abin faɗa, shi ba zai taɓa cewa yana kewarki ba, sai dai ya yi ta zagaye ɗakinki yana cewa yana duba na'urar sanyi.

Saura abu ɗaya. Gobe in mun sauka a filin jirgi, zai ce shi zai ɗauki babban akwatin. Na san za ki ce, "Abba, bari in kawo amalanke," ko ki yi wuf ki riga shi don tausayi. Kada ki yi. Ki ja baya ki tsaya kusa da ni, ki bar shi ya sunkuya ya ɗaga shi da hannunsa, ya kai miki har kan sikeli.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ilmi mai amfani da maƙwabta masu jin tarin mutum ta bango. Allah Ya dawo mana da ke muna raye, mu duka biyun. Na yafe miki duniya da lahira.

Wassalam,
Ummanki